Tambayi Mai Hoto: Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Kyamara Marar Madubi

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da Babbar Sallah ta wuce bukukuwa suka kankama a zangunanmu, kuma kusan duk saƙon da ya iso shagona a Aboabo wannan watan maganarsa ɗaya ce: kyamara marar madubi. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, na taƙaita wasu saboda fili. Ban sa farashi ba, domin kayan nan dala suke bi, abin da aka faɗa maka a Adum ranar Litinin ba shi za ka ji ranar Juma'a ba.

Tambaya: Yaya, ina aikin hoton biki da suna. Canon 6D nake riƙe da ita, da lens biyu, 24-105mm f/4 da 50mm f/1.8, da filasha ɗaya. Yanzu masu biki bidiyo suke so tare da hoto, 6D kuwa ba ta bin fuska idan ana bidiyo. Abokan aikina duk sun koma Sony a7 III, suna cewa in sayar da komai in bi su. Wani ya ce Canon R8, wani ya ce R6 Mark II. Ina zan dosa? Daga wani matashi a Sawaba, Kumasi.

Amsa: Ƙanena, bari mu fara da abin da ya canza a cikin kyamarar, domin shi zai nuna maka abin da za ka riƙe da abin da za ka saki. A cikin 6D akwai madubi a gaban sensa, wato farantin da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto. Shi ke karkatar da haske zuwa tagar da kake leƙawa da kuma 'yar na'urar da ke saita fokas. Da zarar ka kunna bidiyo, dole madubin ya ɗage sama ya tsaya, na'urar fokas ta rasa haske, kyamara ta koma lalube. Abin da kake gani ke nan idan amarya ta taho tana rangaji, hoton yana kamawa yana saki. Marar madubi ta cire shi gaba ɗaya. Haske yana sauka kai tsaye a kan sensa, sensar ce ke yin fokas, ita ce kuma ke aiko maka hoto a wani ɗan allo da ke cikin tagar leƙe. Panasonic ne ya fara fito da irinta a 2008 da Lumix G1. Sony ya kawo mai babbar sensa, wadda muke kira ful-firem, mai milimita 36 a faɗi da 24 a tsayi, a 2013 da a7. Canon da Nikon suka shigo da nasu ful-firem ɗin a 2018.

Cire madubin ya sa bakin kyamara ya matso kusa da sensa. A tsohon bakin Canon, wato EF, tazarar milimita 44 ce. A sabon, RF, 20 ce. Wannan giɓin shi ne alherinka. Adaftar Canon ta EF zuwa RF zobe ce kawai da ke cike shi, babu gilashi a cikinta, ba ta rage haske, ba ta rage kaifin hoto. Lens ɗinka biyu za su hau R6 Mark II su yi aiki, filasharka za ta hau, har batir ɗin 6D suna shiga cikinta, ko da yake tsofaffin ba sa fitar da duk ƙarfin kyamarar. Saboda haka ban ga dalilin sayar da komai ba. Mai saye a hannunka zai karya farashi, kai kuma ka je ka sayo makamantansu da tsada.

Ba ina rage wa a7 III daraja ba ne. Tun fitowarta a 2018 ta ciyar da gidaje da yawa a garin nan. Megafiksel 24, ramin kati biyu, tana gani da kyau cikin duhu, batirinta kuma yana kai hoto 710 a ma'aunin kamfanonin kyamara idan da allon baya ake ɗauka, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga marar madubi. Amma kai bidiyo ne ya kawo ka, kuma a nan shekarunta suka fara nunawa. Tana yanke ɗauka kafin minti 30 ya cika. Allonta ba ya juyowa gaba. Tana bin ido a hoto, amma a bidiyo fuska kawai take bi. Launinta na bidiyo 8-bit ne, idan ka matsa masa wajen gyara sai ya fara tsagewa a sararin sama da kan fata. R6 Mark II ta 2022 ba ta da wannan iyaka ta minti 30, tana ɗaukar 4K da firem 60 a daƙiƙa ba tare da ta yanke gefen hoto ba, tana kuma ba da 10-bit. Idan za a gwada ta da Sony bisa adalci, a7 IV ta 2021 ce sa'arta.

R8 kuwa sensarta ɗaya da R6 Mark II, hotonsu ba ya bambanta, kuma ta fi araha sosai. Duk da haka ba na ba mai aikin biki shawarar ya dogara da ita kaɗai. Ba ta da abin hana girgiza a jikinta, batirinta ƙarami ne, amma babban abin shi ne ramin katinta ɗaya. Wani yaro ya taɓa shigowa shagona da kati a tafin hannu, idonsa ya yi ja. Ya ɗauki ɗaurin aure tun daga masallaci har kai amarya, katin ya ƙi buɗewa. Mun gwada duk abin da muka sani, kaɗan muka ceto. Ba a sake ɗaura aure don mai hoto. Kyamara mai rami biyu tana rubuta kowane hoto a kati biyu lokaci guda, kuma ni a wurina wannan ya fi duk wani megafiksel.

Akwai dai abu ɗaya da ke bayan abokanka, kuma ka auna shi da kyau. Mu nan a ƙungiya muke aiki. Idan duk waɗanda kuke fita biki tare Sony suke riƙe da ita, za ka ari lens a wurinsu, ku yi musayar batir a tsakiyar walima, launin bidiyonku ya zo ɗaya a wurin mai haɗawa. Bakin Sony kuma a buɗe yake ga sauran kamfanoni, shi ya sa Tamron 28-75mm f/2.8 da lens ɗin Sigma da Samyang da Viltrox suka cika kasuwa. Canon sai a 2024 ya ba Sigma da Tamron izinin yin lens na bakin RF, shi ma na ƙaramar sensa. Da a ce ba ka da komai a hannu, da na ce bi abokanka. Amma kana da lens na Canon, kuma yanzu da mutane ke ƙaura, lens ɗin EF na hannu sun yi yawa, farashinsu ya sauko. Ni dai R6 Mark II da adafta zan saya, in ajiye 6D a matsayin ta biyu.

Sauran kuɗin ka kai su ga lens. Ɗakin amarya a gidajenmu na haya ƙarami ne, taga ɗaya, mata goma a ciki, babu inda za ka ja da baya. A nan f/4 tana wahala, domin lambar f ita ce ma'aunin buɗewar lens, ƙaramar lamba ta fi buɗewa. Lens mai f/2.8 yana shigar da haske ninki biyu na f/4, mai f/1.8 kuwa ya fi ninki huɗu. Abin da zan fara ƙara maka shi ne 35mm mai buɗewa sosai, domin hamsin ya yi tsawo a irin wannan ɗakin. Bayansa 85mm f/1.8 don fuskar amarya da ango. 70-200mm yana da nauyi a wuya da aljihu, sai idan kana yawan ɗaukar maulidi ko taron sarakuna irin Akwasidae a fadar Manhyia, inda ba a barinka ka matsa. Kafin nan ka riƙa hayarsa rana ɗaya. Kuma kada daɗin bayan hoto mai laushi ya ɗauke ka ka bar lens a f/1.8 lokacin hoton dangi. Uwar amarya za ta fito tas, gwaggo da ke layin baya ta dushe, kuma gwaggon ce za ta zo shago. Hoton taro ka rufe zuwa f/5.6.

Wani abu da za ka ji daɗinsa shi ne shota marar ƙara. A cikin masallaci, liman yana addu'a, ka ɗauka ba wanda ya waiwayo. Sai dai a ƙarƙashin wasu fitilun LED tana fitar da layi-layi a hoto, don haka ka ɗauki ɗaya ka duba kafin ka saki jiki.

Tambaya: Malam, ina sayar da atamfa da leshi, ina kuma yin kwalliya da lalle. Da waya nake ɗaukar bidiyo ina sawa a TikTok da Instagram. Wani ya kawo min Canon M50 ta hannu da araha. Ƙanina kuma ya ce Sony ZV-E10 ko Canon R50. Ni burina in koyi aikin sosai har in riƙa ɗaukar amare, amma ana cewa ba aikin mata ba ne. Daga wata baiwar Allah a Nima, Accra.

Amsa: Ƙanwata, bari in fara da ta ƙarshen. A garinku Accra, a Jamestown, Felicia Abban ta buɗe shagon hoto tun a shekarun 1950, ta yi wa Kwame Nkrumah aiki, aka nuna hotunanta a baje kolin fasaha na birnin Venis a 2019, ta rasu a 2024. Mu kuma a zango muna da buƙatar mata masu hoto fiye da kowa. Ranar lalle da wankan amarya akwai ɗakin da ni ba zan shiga ba, kuma bai kamata in shiga ba. Iyalai da yawa suna haƙura da hoton waɗannan lokutan ne kawai don babu macen da za ta ɗauka. Ke kin riga kina cikin ɗakin da jakar kwalliyarki.

M50 ɗin nan ki mayar wa mai ita. Araha ba ta ado. Ba lalatacciya ba ce, hotonta mai kyau ne, amma bakinta EF-M ne, kuma Canon ya daina wannan layin a 2023. Lens ɗin da za ki saya mata ba zai hau sababbin kyamarorin RF ba, babu adaftar da ke haɗa su. A 4K kuma tana yanke hoto sosai, fokas ɗinta ya yi rauni. Mai son ya girma a cikin sana'ar ba ya farawa daga hanyar da ta toshe.

Tsakanin ZV-E10 da R50, dukansu ƙaramar sensa ce, APS-C, megafiksel 24, allonsu yana juyowa gaba ki ga kanki, kuma dukansu suna da tsarin da idan kika ɗaga turmin atamfa kusa da lens fokas zai bar fuskarki ya koma kansa. Babu mai hana girgiza a jiki a cikinsu. ZV-E10 tana da ramin abin sauraro na kunne, ki ji muryarki yayin ɗauka, amma ba ta da tagar leƙe, kuma a ranar Accra ta tsakar rana allon baya ba ya ganuwa. Idan aka juya ta da sauri a 4K, hoton yana lanƙwashewa. R50 tana da tagar leƙe, ga sauƙin sarrafawa ga mai koyo, sai dai kan da ake ɗora filasha sabon samfuri ne, tsofaffin filasha ba sa aiki a kai sai da adafta. Don shago kaɗai, ZV-E10. Tunda kina hangen ɗaukar amare a waje, hankalina ya fi kwanciya da mai tagar leƙe, R50, ko kuma Sony a6400 idan kin samu mai tsabta.

Lens ɗin da ke zuwa tare da su yana rufewa idan aka ja zum, shago kuma ba haske. Sigma 18-50mm f/2.8 ƙarami ne, gram 290 a bakin Sony, ana yin sa a bakin Canon ma, kuma zai yi miki yawancin aiki. Ki sani cewa ƙaramar sensa tana matso da hoto: lambar lens ki ninka ta da 1.5 a Sony, 1.6 a Canon. Wato 56mm f/1.4 na Sigma yana zama kamar 85 a babbar kyamara, kuma shi ne na fuskar kwalliya. Kada ki ɗauki fuska da lens mai faɗi daga kusa, yana ƙara girman hanci, ya janye kunnuwa baya, aikin da kika yi awa biyu kina yi ya tafi a banza.

Amma kafin duk wannan, ki sayi fitila ɗaya mai laushin haske da makirfo na maƙalawa a wuya, ki gwada su da wayarki mako biyu. Ki kuma koyi kulle ma'aunin fari da farar takarda maimakon barin na'ura ta zaɓa. Mai sayen atamfar yayi ta biki idan ta ga shuɗi a waya aka kawo mata mai ruwan toka, ba za ta dawo ba.

Tambaya: Ɗana, ni ne ke kula da na'urorin masallacinmu. Muna so mu riƙa ɗaukar tafsirin azumi muna sawa a Facebook da YouTube. Zama ɗaya yana kai awa biyu. Bara mun ari kyamara, tana yankewa a tsakiya, wani lokaci ta yi zafi ta mutu, hoton yana ƙyafta-ƙyafta, muryar Malam kuma ba ta fita. Wacce za mu saya? Daga wani dattijo a Asawase.

Amsa: Baba, Allah ya saka da alheri, ya sa a mizani. Matsaloli huɗu kuka lissafa, kuma biyu daga ciki ba sa buƙatar sabuwar kyamara.

Yankewar ta samo asali ne daga haraji. A da Tarayyar Turai tana ɗora wa na'urar da ke ɗaukar bidiyo na minti 30 ko fiye haraji na daban, sai kamfanoni suka riƙa tsayar da kyamarorin hoto a minti 29 da daƙiƙa 59. Daga wajen 2019 aka fara sakin wannan, a6400 tana cikin na farko a Sony. Duk wadda za ku saya, ku tambayi wannan kafin komai. Zafi kuwa gaskiya ne, jikin marar madubi ƙarami ne, 4K yana dafa ta. Canon R5 da R6 na farko sun sha suka a kan haka a 2020. Masu fanka a ciki su ne maganin dogon zama: Sony FX30, da Panasonic S5 II ta 2023. Tsohuwar Panasonic GH5 ta 2017 ba ta da fanka, amma an san ta da jure dogon ɗauka, kuma raunin fokas ɗinta ba zai dame ku ba tunda Malam a zaune yake wuri ɗaya, da hannu za a saita a bari.

Ku kuma sauka daga 4K zuwa 1080. Masu sauraro a waya suke kallo, da data mai tsada. 4K a megabit 100 yana cin kusan gigabait 45 a awa ɗaya, ku lissafa awa biyu sau kwana talatin. A 1080 kyamara ba ta zafi sosai, kati yana isa, ɗorawa a intanet ba ya cinye dare. A buɗe allon baya a nisanta shi da jiki don iska ta shiga, idan tana karɓa a ba ta wuta ta USB daga babban fawa-bank, ko an ɗauke wuta karatu bai tsaya ba.

Ƙyaftawar daga wutar lantarki take. Wutar Ghana tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Kyamarar da aka kawo daga can tana zuwa a saite da NTSC, firem 30 ko 60, sai ta yi karo da fitilunmu. A shiga saiti a mayar da ita PAL, firem 25, saurin shota 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa. A mafi yawan lokuta shi ke nan.

Murya ita ce tafsirin, Baba. Mutum zai jure hoto mai duhu, ba zai jure sautin da ba ya fahimta ba. Makirfon jikin kyamara yana kwasar amsa-kuwwar lasifika da ƙarar fanka da tarin jama'a. A ja waya daga na'urar haɗa sauti ta masallaci zuwa ƙaramar rakoda irin Zoom ko Tascam, ko a sayi makirfo marar waya mai baki biyu irin na Rode ko DJI, ɗaya a wuyan Malam, ɗaya a wuyan alaramma mai jan baƙi. A raba su, domin alaramma yana ɗaga murya, Malam yana sassautawa, idan aka haɗa su a ma'auni ɗaya dole ɗaya ya cutu.

Zan faɗa muku abin da mai shago ba lallai ya faɗa ba. Idan tafsiri da huɗuba da wa'azi kaɗai za a ɗauka, kyamarar bidiyo zalla, irin Canon XA, ta fi dacewa da ku. Zum ɗinta dogo ne, tana karɓar manyan wayoyin sauti, ana jona ta da wuta kai tsaye, ba a cire mata lens balle ƙura ta shiga, kuma kowane ɗalibi zai iya koyonta a yini ɗaya. Kuɗin jama'a ne, a sa shi inda zai daɗe.

Tambaya: Wayata megafiksel 108 ce, kyamarar yayana 24. Me ya sa hotonsa ya fi nawa? Daga wani ɗalibi a Tafo.

Amsa: Ɗana, girman sensa da ingancin lens ne. Sensar ful-firem ta ninka ta waya sau da yawa a faɗi, tana tara haske mai yawa, shi ya sa da magariba nasa yake fita sumul naka yana yashi-yashi. Megafiksel 24 ɗigo 6,000 ne a faɗi da 4,000 a tsayi, ya isa babban hoton bango na falo.

Tambaya: Yallaɓai, idan na ɗauki ango cikin farar shadda da rana, ko fuska ta yi baƙi ƙirin ko rigar ta ƙone aikin zaren ya ɓace. Sabuwar kyamara za ta gyara wannan? Daga wani mai hoto a Mamobi, Accra.

Amsa: Ɗan'uwa, za ta taimaka, amma ba ita za ta gyara ba. Ma'aunin haske na kowace kyamara yana ƙoƙarin mayar da abin da ya gani matsakaici ne, ruwan toka. Idan farar babbar riga ta cika hoto, sai ya ga haske ya yi yawa ya rage, fuskar da dama duhu gare ta ta ƙara nutsewa. Idan ka ƙara don fuska, rigar ta tafi. Inda marar madubi ta fi ita ce kana ganin sakamakon a tagar leƙe kafin ka danna, kuma akwai alamar zebra, layukan da ke bayyana a kan duk inda fari ya kusa ƙonewa. Ka saita har layukan su bar rigar, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, sannan ka ɗaga hasken fuska a kwamfuta. Farin da ya ƙone ba ya dawowa, duhu yana dawowa.

Gyaran gaskiya shi ne ka rage tazarar da ke tsakanin hasken rigar da na fuskar. Ka janye ango zuwa inuwa, bakin zaure ko gefen gini, ko ka juya bayansa ga rana ka cika fuska da filasha, Godox AD200 da ƙaramar laima ta isa. A bidiyo da rana kana buƙatar gilashin rage haske, ND, a gaban lens, domin shota tana tsaye a 1/50. Ka kuma lura da kanofi: ja yana zuba ja a fuska, shuɗi yana mayar da mutum kamar marar lafiya. Idan da hali ka fito da su daga ƙarƙashinsa.

Akwai abin da ke damuna a nan, zan faɗa. Na ga albam ɗin da aka goge amarya har mahaifiyarta ta tsaya tana duba ko 'yarta ce. Fatarmu tana da kyau idan aka ba ta haske daga gefe, tana sheƙi, tana da zurfin launi. Wanda ya iya haske ba ya buƙatar ya canza wa mutum halitta. Jikokinta za su buɗe albam ɗin nan wata rana, ya kamata su ga kakarsu yadda Allah ya yi ta.

Tambaya: Na ga wani abu kamar saƙar gizo a cikin lens ɗina, da ɗige-ɗige a sararin sama a duk hoton da na ɗauka. Kuma ina so in sayi kyamara ta hannu, me zan duba? Daga wani mai karatu a Alabar, Kumasi.

Amsa: Malam, abu biyu ne daban. Saƙar gizon fumfuna ce, damshi ke kawo ta. Kumasi tana da damina biyu, Accra ga iskar teku, kuma mafi munin wurin ajiye lens shi ne cikin jaka a rufe a ƙasan wadrob. Idan ta yi sabuwa mai gyara zai buɗe ya wanke, idan ta daɗe tana cinye rufin gilashin, tabon ba ya fita. Ka ware wannan lens ɗin daga sauran. Ka samu roba mai murfin da ba ya shigar da iska, ka zuba silika a ciki da ɗan agogon auna damshi, ka riƙe shi tsakanin kashi 40 da 50. Idan ka fito daga ɗaki mai sanyin na'ura zuwa waje, ka bar kyamara a jaka sanyin ya sake ta kafin ka buɗe, kada raɓa ta kwanta a gilashi.

Ɗige-ɗigen ƙura ce a kan sensa, kuma wannan shi ne raunin marar madubi, domin da ka cire lens sensar a fili take. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kada ka canza lens a filin biki. Ka shiga ɗaki, ka kashe kyamara, ka kifar da bakinta ƙasa. Wasu, irin R6 da a7 IV, suna iya rufe sensa da labulen shota idan an kashe su, ka tabbata ka kunna wannan. Don gwaji ka rufe lens zuwa f/16 ka ɗauki farin bango, duk ƙurar za ta bayyana. Da ɗan famfon roba ake hurawa, ba da baki ba, ba kuma da bakin riga ba.

Ta hannu kuwa, ko a Adum ko a Circle ta Accra, ka tafi da katinka da lens ɗinka da tocila. Ka duba adadin dannawar shota. Ka sa kati a kowane rami ka ga yana rubutawa. Ka ɗora filasha ka harba. Ka haska tocila ta cikin lens daga baya, fumfuna da hazo za su nuna kansu. Ka kunna 4K ka bar ta minti ashirin a gabanka kana hira da mai shago, ka ga ko za ta yi zafi. Ka shiga jerin harsuna, domin Sony da aka yi wa kasuwar Japan ta cikin gida Japananci kaɗai take nunawa, kuma tana shigowa nan cikin kayan hannu da farashi mai jan hankali. Wanda ka gani a intanet ya ce ka tura rabin kuɗi ta MoMo kafin ya sa kaya a mota, ka ce masa ku haɗu a shago da rana, ka kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamarar.